Tazara ɗaya ko biyu bayan aya? Gardamar da ta girmi kwamfuta

Ƙanwata ta dawo gida ranar wata Laraba da kundinta na kammala makarantar horon malamai a hannu, idonta ya yi ja. Shafi arba'in da biyu ne, kusan kowane shafi an zagaye shi da jan biro. Na karɓa na duba, ina tsammanin zan ga kuskuren nahawu ko na lissafi. Ko ɗaya babu. Abin da malamin ya yi ta zagayewa fili ne kawai, wurin da babu rubutu ko kaɗan: tazarar da ke tsakanin aya da babban baƙin da ya fara jimla ta gaba. A bangon kundin ya rubuta cewa tazara biyu ta yi yawa, a mayar da ita ɗaya, a sake bugawa.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, ba ita ta buga ba. Wani dattijo ne mai shagon buga takardu a nan Ngaundere, wanda ya yi shekaru yana aikin sakatare a ofishin gwamnati kafin ya yi ritaya. Kuɗin bugu da na ɗinki sun ci mata jaka shida, ga shi saura kwana biyar a rufe karɓa.

Washegari na raka ta shagon. Da na gaya wa dattijon abin da ya faru, sai ya cire tabarau ya dube ni ya ce: "Malam, ni fa tun ba a haife ka ba nake buga takarda. Bayan aya, bugu biyu. Bayan waƙafi, bugu ɗaya. Haka aka koya mana, wanda ya manta kuwa rula ce a yatsa." Na ce: "Baba, ai ban zo gardama ba, so nake in san daga ina abin ya samo asali." Ya yi dariya ya ce in je in bincika, in dawo in gaya masa. To, na bincika, ga kuma abin da na samo.

Da farko dai, ita kanta tazara ba tare da rubutu aka haife ta ba. Tsofaffin littattafan Girkawa da na Rumawa da yawa a haɗe ake rubuta su, harafi na bin harafi, babu fili tsakanin kalma da kalma. Mai karatu ne zai ɗaga murya ya raba su da kunnensa. Masu kwafar littattafai a Ailan ne suka yawaita raba kalmomin Latin da fili a wajen ƙarni na 7 da na 8. Habashawa kuwa ɗigo biyu suke sa wa tsakanin kalmomi a tsohon rubutunsu, ɗigo huɗu a ƙarshen jimla. Mu ma da muka tashi da allo mun san tsofaffin takardun ajami ba su da waƙafi da alamar tambaya irin na yau. A Larabci ma sai a 1912 Ahmad Zaki Basha na Masar ya fitar da ɗan littafinsa kan alamomin rubutu, wanda ya tsara yadda za a yi amfani da su.

Batun tazara mai faɗi bayan aya kuwa, daga maɗaba'a ya fito. A zamanin da ake jera haruffan dalma da hannu, masu ɗab'i a Ingila da Amurka suna da 'yan guntayen dalma marasa harafi, masu faɗi daban-daban. Tsakanin kalma da kalma sukan sa siriri. Bayan aya kuwa sukan sa babba, wanda faɗinsa ya kai kamar na babban baƙin M, wato kusan ninki uku na wancan. Duk wanda ya buɗe littafin Ingilishi na ƙarni na 19 zai ga wannan fili da idonsa.

Sai tafireta ta zo. Kamfanin Remington na Amurka ya fara sayar da keken rubutun da Christopher Sholes da abokansa suka ƙera a 1874. Ita tafireta ba ta san siriri da babba ba. Kowane bugu, keken yana matsawa da awo ɗaya, ko harafin i aka buga ko m ko aya. Saboda haka rubutunta cike yake da 'yan ramuka, ayar ma tana zaune a tsakiyar fili mai faɗi. Masu koyar da bugu suka ga hanya mafi sauƙi ta kwaikwayon filin maɗaba'a ita ce a danna dogon maɓallin nan sau biyu. Daga nan dokar Baba ta fito. Ba ƙirƙira ya yi ba, gado ne, kuma a kan keken da ya koya da shi dokar tana da hujja.

Amma yayin da makarantun sakatarori ke koyar da bugu biyu, maɗaba'u sun riga sun fara juyawa. Injin Linotype, wanda ya fara aiki a wata jaridar New York a 1886, ya sa jera rubutu ya koma aikin sauri, kuma faffaɗan fili yana cin takarda, yana kuma barin farin rami a cikin siririn layin jarida. Zuwa tsakiyar ƙarni na 20 yawancin littattafai da jaridun Ingilishi sun koma tazara ɗaya. Kenan an yi shekaru masu yawa ana tafiya a hanya biyu: wasiƙar ofis da tazara biyu, littafi da tazara ɗaya, kuma babu wanda ya damu.

Kwamfuta ce ta haɗa su faɗa. Haruffan da muke amfani da su yau, irin su Times New Roman da Arial, kowanne yana cin fili gwargwadon jikinsa, kamar na maɗaba'a. Dalilin bugu biyu ya kau, amma yatsun da suka saba ba su daina ba. Jagororin rubutu na Amurka suka riƙa bin tazara ɗaya. Chicago Manual of Style ya daɗe a kanta. Jagoran APA, wanda jami'o'i da yawa ke bi wajen rubuta kundi, ya ba da shawarar tazara biyu a bugunsa na shida, sannan a bugu na bakwai da ya fito a 2019 ya koma ɗaya. A 2020 kuma manhajar Microsoft Word ta fara ja wa tazara biyu layi a ƙasa a matsayin kuskure. Wannan shafin da kuke karantawa ma, ko da na buga tazara goma bayan aya, ɗaya kawai za ku gani, domin haka aka gina shafukan intanet, suna haɗiye ragowar.

To, shin tazara biyu tana sauƙaƙa karatu, kamar yadda Baba ya dage? An gwada. A 2018 wasu masu bincike a kwalejin Skidmore da ke Amurka, ƙarƙashin Rebecca Johnson, sun sa ɗalibai 60 karatu, na'ura tana bin motsin idonsu. Waɗanda da ma suka saba buga tazara biyu sun ɗan fi sauri da kusan kashi 3 cikin 100 idan rubutun yana da ita. Fahimtar abin da aka karanta kuwa ba ta canza ba. Sannan an yi gwajin ne da haruffan Courier New, masu awo ɗaya irin na tafireta, waɗanda ba da su ake buga littafi ko kundi ba. Saboda haka kowane ɓangare ya samu abin riƙewa, gardama ba ta mutu ba.

Mu a nan Kamaru muna da tamu matsalar da ta fi wannan, domin ƙasarmu tana aiki da Faransanci da Ingilishi, kuma dokokinsu na tazara sun saɓa. A Faransanci tazara ɗaya ce bayan aya, amma ana barin fili kafin alamar tambaya, da alamar motsin rai, da ruwa biyu, da waƙafi mai ruwa, haka ma a cikin alamun zance masu kama da kibiya. A Ingilishi babu wannan fili sam, alamar tana manne da kalmar da ta gabace ta. Littattafan Hausa da ake bugawa a Zariya da Kano tsarin Ingilishi suke bi. Yaron da ya yi makarantar Faransanci a Garwa ko Marwa, idan ya zo rubuta Hausa, sai ya bar fili kafin alamar tambaya ba tare da ya sani ba. Wani lokaci ma ba laifinsa ba ne: idan an saita Word a kan Faransanci, ita da kanta take cusa filin. Wanda ya sa filin da hannu kuma, yakan tarar alamar tambaya ta tsallake ita kaɗai ta koma farkon layi na gaba kamar marainiya. Maganin wannan ga mai rubuta Faransanci shi ne tazarar da ba ta rabuwa, wadda ake samu a Word idan aka danna Ctrl da Shift da dogon maɓalli lokaci guda.

A ajina kuwa, abin da nake fama da shi ya sha bamban: yaran yanzu ba sa barin tazara ko ɗaya. Sun gaji al'adar saƙon waya na da, lokacin da saƙo ɗaya ba ya wuce harafi 160 kuma kowane fili kuɗi ne. Sai mutum ya rubuta aya ya manna mata kalma ta gaba. Ku lura da abin da ke faruwa a WhatsApp ko Facebook idan aka rubuta "lafiya.na gode" ko "sai gobe.in Allah ya so". Sau da yawa sai kalmomin su koma shuɗi, domin waya ta ɗauka adireshin intanet ne: .na na ƙasar Namibiya ne, .in na Indiya, .to na Tonga, .mu na Morishus, .ba na Bosniya. Kalmomin da muka fi fara jimla da su ke nan. Wata uwa ta taɓa nuna min saƙon ɗanta tana tambaya ko irin hanyoyin nan ne na 'yan damfara. Gaisuwa ce kawai, aya ce ta rasa fili.

Sannan akwai tazarar da ta fi duk waɗannan nauyi ga mai rubuta Hausa, wato ta tsakanin kalmomi. Tazara biyu bayan aya ba ta taɓa canza ma'anar zance ba, amma wannan tana canzawa. "Ta ce" magana ce, "tace" aikin mai koko ne. "Ya yi" aiki ne, "yayi" abin da ake ado da shi ne bana. "Ka sa hannu" umarni ne, "kasa" gazawa ce. "Ba ki zo ba" tuhuma ce, "baki" kuwa da shi ake cin tuwo. Malamin da ya zagaye shafi arba'in da biyu saboda tazarar bayan aya, da zai ba wa wannan rabin ƙarfinsa, da rubutun Hausarmu ya gyaru.

Ga abin da nake koya wa ɗalibaina, kuma shi zan ba duk mai buga takarda shawara. Aya da waƙafi su manne da kalmar da ta gabace su, sai tazara ɗaya ta biyo baya. A Hausa da Ingilishi, kada a bar fili kafin alamar tambaya ko ta motsin rai ko ruwa biyu. A Faransanci a bar shi. Idan makaranta ko ofis suna da tsarinsu a rubuce, a bi shi, kuma a tambaya tun kafin a kai wa mai bugu. Duk tsarin da aka ɗauka, a tsaya a kansa daga shafin farko har na ƙarshe. Ga malamai 'yan uwana kuma: dokar da ba mu faɗa wa ɗalibi ba tun farko, bai kamata mu sa shi ya biya kuɗinta a ƙarshe ba. Jaka shida ba ƙaramin abu ba ne a gidan da ake auna hatsi da kwano.

Kundin ƙanwata bai ci minti biyu ba wajen gyara. Na zauna a kwamfutar Baba na danna Ctrl da H, na sa tazara biyu a akwatin sama, ɗaya a na ƙasa, na ce a musanya duka. Ya leƙo ta kafaɗata yana kallon yadda aikin yatsunsa ya ɓace a bugu ɗaya. Na ba shi labarin dalma da Remington da Linotype, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce: "Ashe dai ba mu yi ƙarya ba, keken ne ya canza." Ya sake buga mata kundin a rabin kuɗi.

Da za mu fita na ga ya jawo wata takardar neman aiki ya fara bugawa. Ya kai aya, babban yatsansa ya sauka sau biyu, ƙwas ƙwas. Ya tsaya, ya dube ni ta saman tabarau, ya goge ɗaya.