Masu Tsaron Shagunan Waya A Lugbe: Kamasho Kaɗan, Ƙorafi Da Yawa

Abuja: Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta nufi filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe zai ratsa Lugbe, unguwar da ta cika maƙil da ma'aikatan da tsadar haya ta kora daga Wuse da Garki. A bakin titi da cikin rukunin gidajen Hukumar Gidaje ta Tarayya, shagunan wayar salula sun zama hanyar cin abincin ɗimbin matasa. Sana'a ce da ba a san ta ba kafin 2001, shekarar da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya. A lokacin layukan NITEL a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba.

Sayar da wayar shi ne mafi sauƙi a aikin. Bayan an biya kuɗi, yaron shago ne zai kwashe lambobi daga tsohuwar waya, ya buɗe wa Alhaji WhatsApp, ya nuna wa Hajiya yadda ake tura kuɗi ta manhajar banki. A nan ribar aikin take. Mai haƙurin yin bayani yana tara abokan ciniki, su kuwa sukan bi shi ne, ba shagon ba, ranar da ya samu jarin buɗe nasa. Wanda ya ceto hotunan biki daga wayar da ta mutu ya sayi amana, kuma a kasuwar da jabun caja da batir suka yi katutu, amana jari ce.

Sai dai yaron shago ne ke ɗaukar fushin hukuncin da aka yanke a wani wuri. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar naira, dala ta tashi daga kimanin naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wayoyin Tecno da Infinix da itel duk na kamfanin Transsion ne da ke Shenzhen ta ƙasar Sin, da dala kuma ake ƙiyasta su. Mai saye da ya ji farashi makon jiya ya dawo ya tarar an ƙara, babu ruwansa da kasuwar canji. Wanda ke gabansa zai kira macuci. Da jama'a suka koma gyaran tsohuwar waya, kamashon mai sayarwa ya ja baya.

Rigimar garanti ta fi zafi. Garantin kamfani bai shafi wayar da ta faɗa ruwa ko gilashinta ya fashe ba, abin da ba kasafai ake faɗa wa mai saye ranar ciniki ba. Dokar Gasa da Kare Masu Saye ta 2018 ta ba shi haƙƙin mayar da kaya masu aibi, amma rasit ɗin shaguna da yawa na cewa ba a mayar da kuɗi. Maigida ya buga rasit ɗin, yaro ke kare shi.

Haka aka gani a batun haɗa layi da lambar NIN, wanda aka fara a Disambar 2020. Da aka toshe layuka a ƙarshen Yulin 2024, jama'a suka yi wa ofisoshi cincirindo, har MTN ya rufe cibiyoyinsa a ranar 30 ga watan, NCC kuma ta ba da umarnin buɗe layukan.

Game da albashi kuwa, mafi ƙarancin naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024 bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, bai kuma shafi masu aikin kamasho ba. Akasarin masu tsaron shagunan waya a Lugbe sun faɗa cikin ɗayan biyun nan.