Zancen da kamfanonin waya ke yi a bayan idonmu

Duk wanda ya saba bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san wannan abu. Ana wuce Jibiya, a tsallaka iyaka a doshi Ɗan Isa, sai sandunan sabis na wayarka su riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya har su ƙare. Can kuma sai su dawo, amma da sunan wani kamfani daban a saman allon, kamfanin da ba ka taɓa sayen katinsa ba, bai kuma san ka ba. Idan layinka na da izinin aiki a waje, ba a jima ba saƙon maraba zai shigo, ɗan'uwanka na Kano ya kira ka ya same ka kamar kana Fagge. Haka alhazai ke gani da zarar jirgi ya sauka Jidda. A cikin 'yan daƙiƙan nan an yi doguwar magana tsakanin kamfanoni biyu a kanka, kai kuwa ba ka ji ko kalma ɗaya ba.

Ga yadda maganar take. Kowane sim na ɗauke da wata doguwar lamba, wadda ba ita ce lambar da kake ba mutane ba, masana na ce mata IMSI. Ta layukan Najeriya na farawa da 621, ta Nijar da 614. Da turken sadarwa na Nijar ya ga 621, ya san baƙo ne ya iso. Sai kamfanin ya aika wa kamfaninka na gida tambaya: ga wani nan ya ce naku ne, kun san shi? Na gida ya aiko da wani lissafi da sim ɗinka kaɗai zai iya amsawa daidai, saboda wani makullin sirri da ke cikinsa. Idan amsa ta yi, mai masauki ya rubuta ka a littafin baƙinsa, na gida kuma ya rubuta a babbar rijistarsa cewa wane yanzu yana hannun su wane, duk wanda ya neme shi a tura can. Tsarin ya yi kama da na fatake da fatoma a zamanin cinikin goro: baƙo ba ya buƙatar kowa a gari ya san shi, muddin mai masauki ya tsaya masa. Harshen da ake wannan magana da shi sunansa SS7. Da shi ake haɗa kira daga wannan layi zuwa wancan, da shi saƙon tes ke gano inda mai shi yake, a kansa ne ma lambobin nan masu tauraro da ake dannawa don duba kuɗi ko tura su ke tafiya.

Mu a nan mun san darajar wannan haɗuwa, domin mun ga rashinta. Lokacin da MTN da Econet suka fara aiki a 2001, Glo ya biyo baya a 2003, kira daga wani layi zuwa wani ya kasance sai an yi da gaske. Mutum zai danna sau goma kira ya ƙi shiga. A lokacin ne riƙe waya biyu ko uku ya zama ado kuma ya zama dole. Yau yaro ba ya ma tambayar wane layi abokinsa ke riƙe da shi kafin ya kira.

Abin mamaki, ɗaya daga cikin dalilan ƙirƙiro SS7 shi ne a toshe wata ɓaraka. A da, a Amurka, umarnin da injunan waya ke ba juna yana bin hanya ɗaya da muryar masu magana, a matsayin wasu sautuka. Matasa masu ƙiriniya suka gano cewa sautin da ke kaɗawa sau 2600 a daƙiƙa yana sa injin ya ɗauka an ajiye waya alhali layi na buɗe, daga nan sai su kira duk inda suke so kyauta. Wani mai suna John Draper ya yi suna da yin hakan da ɗan usur na roba da ake sakawa kyauta a kwalin abincin yara. Steve Wozniak da Steve Jobs, kafin su kafa Apple, sun ƙera akwatunan da ke fitar da waɗannan sautuka suna sayarwa. Maganin da kamfanoni suka samo shi ne su raba hanya: murya ta bi nata titi, umarni ya bi nasa, inda mai waya ba zai iya kaiwa ba. A tsakiyar shekarun 1970 aka fara, a 1980 kuma hukumar da ke tsara ƙa'idojin waya ta duniya ta amince da SS7.

A wancan zamani dabarar ta yi. Kamfanonin waya ba su da yawa, akasari na gwamnatoci ne, kowa ya san kowa. Don haka ba a ga dalilin sa wata hanyar tantance mai aiko saƙo ba. Duk wanda ya samu shiga zauren, ana ɗauka ɗan gida ne, abin da ya tambaya a ba shi, abin da ya faɗa a yarda. Daga baya aka buɗe kasuwar. Kamfanoni suka zama ɗaruruwa, ga dillalan da ke tura saƙonnin bankuna da na talla, ga ƙananan kamfanoni a tsibiran da ba kowa ya san sunansu ba. Aka kuma ɗora SS7 a kan fasahar intanet, abin da a da sai da manyan injuna masu tsada ya zama kwamfuta ma na iya yi. Zauren da aka gina don 'yan gida ya cika da jama'a, amma al'adar yarda da kowa tana nan yadda take.

To me wanda ya shigo da mugun nufi zai iya? Abu na farko, zai iya tambayar inda kake. Lambar wayarka kawai yake buƙata. Ya yi kamar mai son aiko maka da saƙo, rijistar kamfaninka ta gaya masa IMSI ɗinka da cibiyar da ke riƙe da kai, da wata tambayar kuma ya samu lambar turken da wayarka ke maƙale da shi. A cikin birni, inda turaku ke kusa da juna, wannan ya isa a san unguwar da kake. Kashe GPS ba ya hana wannan, riƙe ƙaramar waya mai tocila ma ba ya hanawa, domin ba wayar aka tambaya ba. Wani Bajamushe mai bincike, Tobias Engel, ya nuna haka a bainar jama'a a wani taron masana kwamfuta a Balin tun 2008.

Abu na biyu ya fi muni. Zai iya yin ƙarya irin ta mai masauki. Ya aika wa kamfaninka cewa wane ya sauka a wurinmu, alhali kana kwance a ɗakinka a Zariya. Idan kamfanin ya yarda, daga wannan lokaci duk saƙon tes da aka aiko maka wurin maƙaryacin zai tafi. Haka ma ana iya karkatar da kira ya bi ta wata na'ura da ke naɗa kafin ya iso gare ka. A Disambar 2014, a Hambug, Engel da wani mai bincike, Karsten Nohl, sun baje kolin waɗannan dabaru. A 2016 shirin 60 Minutes na gidan talabijin na CBS ya ba ɗan majalisar Amurka Ted Lieu sabuwar waya, da saninsa, aka ba su Nohl lambar kawai. Daga Jamus suka riƙa bin sawunsa, suka naɗi hirarrakinsa, aka kunna masa ya ji muryarsa.

Wancan gwaji ne. A Janairun 2017 ɓarayi suka yi ta gaske a Jamus. Da farko sun sace bayanan shiga asusun banki na mutane ta hanyar saƙonnin yaudara da muguwar manhaja. Abin da ya rage musu shi ne lambar nan ta amfani sau ɗaya da banki ke turowa ta tes kafin kuɗi su fita. Sai suka bi ta wani kamfanin waya na ƙasar waje suka karkatar da saƙonnin zuwa layinsu, suka kwashe kuɗin. Kamfanin O2 Telefonica ya tabbatar da faruwar lamarin ga jaridar Süddeutsche Zeitung a watan Mayu na shekarar. A farkon 2019 aka ba da rahoton irin wannan a kan wasu masu ajiya a Metro Bank na Birtaniya.

Sai dai ɓarayin banki ba su ne manyan masu cin gajiyar wannan ɓaraka ba. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, suna sayar wa gwamnatoci damar bin sawun mutane. A Disambar 2020 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta fitar da rahoto a kan wani irin wannan kamfani mai suna Circles, wanda ke da alaƙa da NSO Group na Isra'ila. Ta ce ta gano alamun na'urorinsa a ƙasashe 25, cikinsu har da Najeriya, Kenya, Maroko, Zambiya da Zimbabuwe. Wani zai ce ai jami'an tsaro na buƙatar irin wannan don kama masu garkuwa da mutane. Na yarda suna buƙatar sanin inda mai laifi yake. Amma akwai hanyar doka ta yin haka, inda ake zuwa wurin kamfanin waya da takardar izini, a bar shaidar wanda ya nema da dalilinsa. Ta wannan ƙofar baya kuwa babu wanda ke tambaya, kuma na'urar da ta gano ɗan fashi yau ita za ta gano ɗan jarida ko ɗan adawa gobe. Ba ta kuma san iyakar ƙasa ba, wanda ke wata nahiya zai iya leƙen ministanmu kamar yadda namu za su leƙi nasu.

Ta ina suke shiga? Da ɗan gari akan ci gari. Kowace na'ura a wannan tsari tana da adireshi mai kama da lambar waya, kuma wasu kamfanonin da ke da lasisi suna ba da hayar nasu adireshin ga wasu, su karɓi kuɗi ba tare da bin diddigin abin da ɗan haya ke yi ba. Saƙon mugu sai ya iso da hular halastaccen kamfani. Abin ya yi ƙamari har hukumar sadarwa ta Birtaniya, Ofcom, ta haramta irin wannan haya a Afrilun 2025.

Magani akwai, kuma ba sabo ba ne. Ƙungiyar kamfanonin wayar salula ta duniya, GSMA, ta daɗe da fitar da ƙa'idojin kafa katanga mai tace saƙonnin da ke shigowa daga waje. Wasu tambayoyin bai kamata baƙo ya yi su ba sam, a toshe su. Wasu sai a duba ko mai tambayar na da hurumi a kan wannan layi. Wasu kuma hankali kawai suke buƙata: layin da minti biyar da suka wuce yake Sabon Gari ba zai yiwu a ce ya sauka a Turai yanzu ba, ko da jirgin sama ne. Matsalar ita ce katangar na cin kuɗi, tana buƙatar ƙwararru su zauna a kanta kullum, kuma idan aka matse ta da yawa sai alhaji ya sauka Madina wayarsa ta ƙi kamawa. Kamfani ya fi tsoron ƙorafin da ake ji fiye da ɓarnar da ba a gani.

Sababbin tsare-tsare ma ba su raba mu da matsalar ba. 4G na amfani da wani harshe mai suna Diameter, wanda ya gaji halin yarda da maƙwabci. 5G cikakke ne aka gina shi da mai gadi a bakin ƙofar kowane kamfani, yana kuma ɓoye lambar sim. Amma muddin akwai masu 2G da 3G, kuma a ƙasashenmu suna da ɗimbin yawa, dole sabon tsari ya ci gaba da jin tsohon harshe, tsohuwar ƙofa kuma ta zauna a buɗe.

Kada wannan bayani ya sa kowa ya ɗora wa SS7 laifin duk kuɗin da suka ɓace. Yawancin waɗanda ake yi wa sata a nan da bakinsu suke karanta wa ɗan damfara lambar, bayan ya kira ya ce daga banki yake. Wasu kuma wayar aka ƙwace, ko aka yi wa layinsu walkam-bak, wato aka sake fitar da sim ɗinsu, da takardun bogi. Waɗannan sun fi sauƙi da araha ga ɓarawo. Kutse ta SS7 akan tanade shi ne ga wanda ake ganin ya kai a kashe kuɗi a kansa.

Abin da ke hannun mai waya kaɗan ne, amma a yi shi. Maganar da ba ka so a ji, yi ta a manhajar da ke kulle zance daga waya zuwa waya, irin su Signal ko WhatsApp, domin ko an tare ta a hanya ba za a iya karantawa ba. Ka sa wa WhatsApp ɗinka lambar sirri ta mataki na biyu, saboda lambar rijistarsa ta tes take zuwa. Inda banki ko imel ya ba ka zaɓi tsakanin tes da manhajar da ke samar da lamba a cikin wayar, ɗauki manhajar.

Babban nauyin kuwa yana wuyan kamfanoni da masu sa musu ido. Muna kira ga NCC a Najeriya da ARCEP a Nijar su wajabta wa kowane kamfani gwajin katangarsa a kai a kai ta hannun masana masu zaman kansu, su binciki wa aka ba hayar adireshi da sunan ƙasashenmu, sannan su gaya wa jama'a sakamakon da Hausa da sauran harsunan da masu sayen katin ke ji.