Karatu ta intanet: Wa ake tambaya idan ana auna gamsuwar ɗalibai?

A watan Maris na 2020 gwamnatin Nijar ta rufe makarantu da jami'o'i saboda annobar korona, ba a sake buɗe su ba sai farkon watan Yuni. Tun daga lokacin maganar karatu ta intanet ta samu wurin zama, kuma tambayar da ke biyo baya ita ce: shin ɗalibai sun gamsu da shi?

Yadda makarantu suka saba auna wannan gamsuwa shi ne su saka takardar tambayoyi a kan dandalin karatun, kamar Moodle, ɗalibi ya ba da maki kan sauƙin shiga, ingancin darasi da saurin amsar malami. A nan gizo ke saƙar. Wanda ya samu damar shiga shi kaɗai ke amsawa. Wanda rezo ya hana shi shiga, babu muryarsa a sakamakon.

Ɗauki misalin ɗalibin da ya fito daga Azarori, a gundumar Madawa, yana karatu a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, wadda aka kafa a 2010. Cikin gari zai iya sauke darasi. Idan ya koma gida hutu ko aikin damina, sai ya lissafa kuɗin data na Airtel, Moov ko Zamani, da kuɗin cajin waya, da inda zai tsaya rezo ya kama. Haka abin yake ga takwarorinsa na ƙauyukan Buza da Keita.

Wutar ma ba ta da tabbas. Duk da tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka ƙaddamar a 2018, yankin ya dogara sosai da wutar Najeriya. Da aka katse ta a Agustan 2023, sai a Maris na 2024 aka dawo da ita. Starlink ya fara aiki a Nijar a 2025, amma na'urarsa ta fi ƙarfin aljihun yawancin ɗalibai.

Don haka duk makarantar da ke son sanin gaskiya, sai ta raba tambayoyin a takarda ko ta kira a waya, ta tambayi ɗalibi inda yake zaune, da irin wayarsa, da abin da yake kashewa a wata. Ta kuma nemi waɗanda suka daina shiga ta ji dalilinsu. Amsarsu ce za ta nuna ko bidiyo mai nauyi ya dace, ko kuwa saƙon murya da rubutu mara nauyi sun fi amfani.

Su kuma 'yan uwa mazauna ƙetare da ke aiko wa ƙannensu waya, su tuna da kuɗin data da ɗan faifan sola. Idan babu su, wayar ba za ta kai yaro aji ba.