Kurmin Ngel Nyaki: Abin da Tsayi da Gangare Ke Yi wa Itatuwa

Mai hawa tudun Mambila a Jihar Taraba yakan zaci ciyawa ce kaɗai a saman, sai ya leƙa gangaren yamma kusa da ƙauyen Yelwa ya ga kurmi mai duhu manne da jikin dutse. Wannan shi ne Ngel Nyaki, wanda aka keɓe a 1969, a tsayin da ya kai mita 1,400 zuwa 1,600.

Me ya sa kurmin ya zauna a nan, bai bazu ko'ina ba? Amsar tana cikin iska. Iskar damina daga kudu maso yamma take tasowa, ɗauke da danshin tekun Atilantika. Idan ta ci karo da gangaren da ke fuskantarta, sai ta hau, ta yi sanyi, ta sauke ruwa da hazo mai laima da ke lulluɓe itatuwa. Gefen da ke kallon arewa maso gabas kuwa, iskar hunturu ce rabonsa: ƙasa ta bushe da wuri, ciyawa ta ƙeƙashe, wuta ta samu abin ci.

Tsayi ma da nasa hukuncin. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi kan ragu da kimanin digiri 6. Shi ya sa manyan itatuwan katako dangin maɗaci, irin su Entandrophragma da ke Ngel Nyaki, kan ja baya idan an doshi Chappal Waddi, tsauni mafi tsayi a Najeriya, mai mita 2,419. Can sama nau'o'in sun ragu, itatuwan sun gajarta, gansakuka ta rufe rassa, masu jure sanyi irin su Podocarpus suka karɓi wuri.

Sai dai abin da ya fi damuna yana ƙasa, daidai gwiwa. Kurmi na iya cika da manyan itatuwa alhali yana mutuwa, matuƙar babu ƙananan da za su gaje su. Tsiron kurmi ɗan lele ne: yana son inuwa da laima, kuma sau da yawa sai tsuntsu ko biri ya kai masa irinsa. A bakin kurmi, inda shanu ke tattaka ƙasa, ake kuma sa wa ciyawa wuta da rani don sabon toho, tsiron ba ya kai labari. Makiyayi ba mugunta yake yi ba, abincin dabbarsa yake nema; amma wutar da ta sauka gangare takan cinye aikin shekaru a yini guda.

Masu bincike ƙarƙashin jagorancin Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury a New Zealand sun killace wasu filayen ciyawa da ke gefen kurmin, suka kare su daga shanu da wuta, itatuwa kuma suka fara dawowa sannu a hankali. A ganina, duk mai shirin dashe a Mambila ya fara tambayar tsayin wurin da inda gangaren ya fuskanta, sannan ya zauna da makiyaya a daidaita kan lokacin ƙuna da hanyar shanu, kafin ya haƙa rami ko ɗaya.