Abubuwan da ya kamata ka sani game da raba aure a kotunan Kalifoniya

A Amurka babu wata dokar saki guda ɗaya da ta game ƙasar. Kowace jiha cikin jihohi 50 da tata dokar iyali, kuma abin da alƙali zai yanke a Texas ba lallai shi za a yanke a New York ba. Abin da ya haɗa su ɗaya ne: kotu ce ke kashe aure, ba miji ba. Kalifoniya ita ta fi dacewa a duba, domin daga can sabon tsarin rabuwa ba tare da kawo laifi ba ya yaɗu.

Ba sai an kawo laifi ba

A da, mai neman rabuwa sai ya tabbatar wa kotu cewa abokin zamansa ya yi zina, ko ya azabtar da shi, ko ya gudu ya bar shi. Wannan ya sa ma'auratan da zama ya ƙi musu daɗi suke haɗa baki su shirya ƙarya a gaban alƙali. A 1969 Gwamna Ronald Reagan, wanda shi kansa ya taɓa rabuwa da matarsa ta fari, ya sa hannu a dokar da ta kawar da wannan sharaɗi, ta fara aiki a farkon 1970. Yanzu ya isa mutum ya ce akwai saɓanin da ba ya sasantuwa. Ko ɗayan bai yarda ba, auren zai mutu. New York ce ta ƙarshe da ta bi sahu, a 2010.

Daga takarda zuwa hukunci

Dole ɗaya daga cikin ma'auratan ya zauna a jihar wata 6, da wata 3 a gundumar da zai shigar da ƙara. A maƙwabciyarta Nevada mako 6 ya wadatar. Mai ƙara zai cike takardar neman rabuwa, ya biya kuɗin kotu da ya haura dala 400, sai dai ana yafe wa marar hali. Ba shi zai miƙa sammaci da hannunsa ba, sai wani da ya kai shekara 18. Wanda aka kai wa yana da kwana 30 ya ba da amsa. Idan ya yi kunnen uwar shegu, shari'a za ta ci gaba ba da shi ba.

Da an fara shari'ar, doka na ɗaure hannun kowa: ba a fita da yara daga jihar sai da izini, ba a sayar da kadara a ɓoye, ba a soke inshora. Kuma ko an daidaita komai a rana ɗaya, aure ba zai mutu ba sai an cika wata 6 daga ranar da aka miƙa sammaci.

Dukiya, inda ake yin ta

Tunda babu sauran gardama kan ko za a rabu, rigimar ta koma kan kuɗi. Kalifoniya na cikin jihohi 9 da ke ɗaukar duk abin da aka samu a lokacin aure a matsayin na mutum biyu, a raba daidai. Albashi, gida, mota, kuɗin fansho, har da bashi. Ba a duba sunan wa ke kan takarda, ba a kuma duba wa ya fita nema wa ya zauna da yara. Abin da mutum ya shigo da shi, ko gado, ko kyautar da aka yi masa shi kaɗai, nasa ne. Amma da ya zuba gadon a asusun da suke ci tare, raba su sai an bi takardun banki ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan lauyoyi ke cin kasuwarsu. Yawancin sauran jihohi suna raba dukiya bisa abin da alƙali ya ga adalci ne, ba lallai rabi da rabi ba.

Kowa sai ya bayyana abin da ya mallaka bisa rantsuwa, kuma kotu ba ta wasa da wannan. Wata mata a Los Angeles ta ci cacar dala miliyan 1.3 a 1996, ta yi gum, ta nemi saki bayan 'yan kwanaki. Da asiri ya tonu, a 1999 alƙali ya mallaka wa mijin kuɗin gaba ɗaya.

Yara da ciyarwa

Doka ba ta ce uwa ko uba ne ya fi cancantar riƙo ba. Maslahar yaro ake dubawa, kuma idan iyaye sun kasa daidaitawa, sai sun zauna da mai sulhu na kotu kafin alƙali ya saurare su. Kuɗin ciyar da yaro lissafi ne da ya dogara da samun kowa da yawan lokacin da yaron ke yi a hannunsa. Shi kuwa tallafin tsohuwar mata, ko tsohon miji idan matar ce mai samu, a auren da bai kai shekara 10 ba yakan ɗauki rabin tsawon zaman.

Sakin baki fa?

Musulmin da ke zaune a Amurka, ciki har da Hausawa, nan suka fi tuntuɓe. Sakin da miji ya furta ko ya rubuta yana da hukuncinsa a addini, amma a idon jiha auren da aka yi wa rajista yana nan, kuma wanda ya sake aure a kansa ya aikata laifi. A 2008 babbar kotun jihar Maryland ta ƙi amincewa da saki ukun da wani ɗan Pakistan ya yi wa matarsa a ofishin jakadancin ƙasarsu da ke Washington, domin amincewa da shi zai hana matar kasonta na dukiyar aure, har da fanshonsa na Bankin Duniya.