Kuɗin Makaranta a Gaban Alƙali

Tun da Shugaba Donald Trump ya sa hannu, a watan Maris na 2025, kan umarnin fara wargaza Ma'aikatar Ilimi ta tarayyar Amurka, ake ta baza labarin cewa makarantun gwamnati a can sun shiga uku. Masu wannan magana da mudun Abuja suke auna Amurka. Abin da gwamnatin tarayya ke zubawa a firamare da sakandare bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 ba. Sauran daga jihohi da gundumomi yake fitowa, kuma kason gundumomi galibi harajin gidaje da filaye ne. A nan gizo ke saƙar. Unguwar masu hali gidajenta na da tsada, don haka makarantarta a ƙoshe take; unguwar talaka ko ta matse kanta, abin da za ta tara bai taka kara ya karya ba. Wannan rigima ta haura shekara 50 a kotuna, amma ba kasafai ake ba mu labarinta ba.

A watan Mayu na 1968 ɗalibai kusan 400 suka fice daga makarantar sakandaren Edgewood, a birnin San Antonio na jihar Texas, saboda lalacewar gine-gine da ƙarancin ƙwararrun malamai. Iyayensu, akasari 'yan asalin Meksiko, suka garzaya kotu. Sunan wani mai aikin ƙarfe, tsohon soja, Demetrio Rodriguez, shi ne kan gaba a takardar ƙarar. Lissafin da aka gabatar ya isa hujja. Mutanen Edgewood sun ɗora wa kansu haraji mai nauyin da ya fi na maƙwabtansu na Alamo Heights, amma dala 26 suke iya tara wa kowane ɗalibi a shekara, maƙwabtan kuwa dala 333. Ko da aka haɗa da tallafin jiha da na tarayya, dala 356 ne a nan, 594 a can.

Ranar 21 ga Maris, 1973, Kotun Ƙolin Amurka ta kayar da su, alƙalai 5 suka rinjayi 4. Ta ce tsarin mulkin tarayya bai lissafa ilimi cikin haƙƙoƙin da ya kare ba. Cikin waɗanda suka saɓa har da Thurgood Marshall, lauyan da ya ci shari'ar 1954 wadda ta haramta ware yara baƙar fata a makarantu.

Da mu ne, da sai mu ce haka Allah ya so, mu koma gida. Su kuwa sai suka buɗe kundin tsarin mulkin jihohi, domin kowace jiha ta ɗora wa kanta alhakin makarantun gwamnati a rubuce. A Kentucky gundumomi 66 marasa ƙarfi suka haɗa kai, kuma a 1989 kotun ƙolin jihar ta rushe tsarin makarantun baki ɗaya, ta zayyana abubuwa 7 da dole yaro ya samu kafin a ce ya yi karatu. Daga nan tambayar ta sauya. Da ana neman a raba kuɗi daidai, yanzu ana tambayar ko kuɗin ya wadatar. A 1990 majalisar jihar ta yi sabuwar doka, ta ƙara haraji. A shekarar 1989 ɗin ne ita ma Edgewood ta yi nasara a kotun ƙolin Texas, shekara 21 bayan ƙarar farko, lokacin da yaran da aka fara shari'ar dominsu sun riga sun zama iyaye.

Hukunci kaɗai ba ya gina aji. A jihar Washington kotu ta yanke a 2012 cewa gwamnati ta gaza. 'Yan majalisa suka yi ta jan ƙafa, har a 2015 kotun ta ɗora wa jihar tarar dala 100,000 kowace rana, ba a rufe shari'ar ba sai 2018. A Fabrairun 2023 wata kotun Pennsylvania ta yanke irin wannan hukunci.

To, mu fa? Sashe na 18 na tsarin mulkinmu na 1999 ya yi alkawarin ilimi kyauta, sai dai yana cikin Babi na 2, wanda sashe na 6 ya ɗaure wa kotu hannu a kansa. Da wannan jami'ai ke fakewa, alhali dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 kyauta, ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta ɗauka. A 2010 kotun ECOWAS ta tabbatar, a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar, cewa ilimi haƙƙi ne da ake iya nema a kotu. A 2017 Mai Shari'a John Tsoho na Babbar Kotun Tarayya ya ce dokar 2004 ta mai da shi haƙƙin da za a tilasta. Wato abin da Rodriguez ya nema ya rasa, mu muna riƙe da shi a takarda. Duk da haka biliyoyin naira na kwance a asusun UBEC, hukumar da ke raba wannan kuɗi, shekara da shekaru, don wasu gwamnoni sun ƙi kawo kasonsu, yara kuma na zaune a ƙasa a ajin da ba rufi.

Ina ƙungiyoyin iyaye da malamai? Ina kwamitocin kula da makarantu, ina lauyoyinmu da ke cika kotu maƙil a kan shari'ar zaɓe? Ku nemi lissafin abin da jiharku ta bari a UBEC. In gwamna ya ƙi bayani, ku kai shi gaban alƙali, kuma kada ku gaji da zaryar kotu.