Littafin bashi ya koma cikin salula: in ta ɓata fa?

A shekarar 1982 gobara ta cinye babbar kasuwar Yamai. Duk wanda littafinsa na bashi ya kwana cikin rumfa a daren, ya wayi gari ba haja, ba shaida.

Yau littafin yana cikin salula: lambobin masu aiko kaya daga Kano da Kwatano, hotunan rasit, saƙonnin murya na WhatsApp inda aka ƙulla ciniki. Ba sai an yi gobara ba, ɗan sane guda cikin cunkoson kasuwar Dole ta Damagaram ya isa.

Hajiya, WhatsApp yana iya ajiye kwafin saƙonninki a Google Drive, amma sai an kunna masa. Tun 2021 kuma ana iya kulle kwafin da kalmar sirri, wadda in kika mance ta, kamfanin kansa ba ya iya buɗe miki. Inda gizo ke saƙar shi ne, sau da yawa yaron da ya saida salular shi ya buɗe adireshin Gmail, shi kaɗai ya san mabuɗin. Ki sa ɗanki ya canza shi a gabanki, ki rubuta, ki adana a ɗaka.

Katin ajiya na cikin salula ba madogara ba ne, tare ake sace su. Gara kowace Juma'a a juye hotunan cikin kile USB da ke kwana a gida, manyan basussuka kuma a sake rubuta su a takarda.

In za a kai salula gyara, a ciro SIM da katin tukuna.